Azumin Kaka Marta

Bana azuminmu da na Musulmi sun faɗo lokaci guda, zafi kuma ya sauko da wuri. A unguwar da nake zaune a Maradi, tun hantsi kwanon ɗaki yake fara ƙara, ruwan randa ya yi ɗumi kamar an ɗora shi a murhu. Jiya da magariba maƙwabciyata ta aiko mani da kunun tsamiya da ƙosai, kamar yadda ta saba, ko da yake ta san ba irin azuminsu nake yi ba. Na zauna bakin ƙofa da kwanon a cinyata, har kunun ya huce ban kai shi baki ba. Wata bazara ce ta dawo mani, ta shekarar yunwar nan da aka rufe iyaka, lokacin ina yarinya a ƙauyenmu arewa da Cadakori, ina kwana ɗakin kakata Marta.

Gida uku ne na Kirista a ƙauyen, duka 'yan Katolika, kuma Kaka ce ta kawo addinin zuwa garin. A kudancin ƙasar Katsina aka haife ta, cikin Maguzawa. Can aka yi mata baftisma tana budurwa, can kuma kakanmu ya gan ta da ya je cirani, ya auro ta ya kawo ta arewa. Shi ya bi addininta, daga baya ƙannensa biyu suka bi shi. Ban san shi ba, ya rasu kafin a haife ni. Kaka ta haihu da yawa, amma ƙasa ta karɓe su ɗaya bayan ɗaya, sai babanmu Yakubu kaɗai ya tsaya mata. Kullum a addu'ar safe sai ta jero sunayen sauran, har da wadda ba ta kai ranar suna ba, ita ma Kaka ta raɗa mata nata.

Gajeruwa ce, siririya, da tsage a kumatu da hannuwa masu kaushi irin na maza. Ba ta iya karatu ba, amma babu addu'ar da ba ta haddace ba. Carbinta baƙi ne mai ƙaramin gicciye, kullum yana wuyanta a ƙarƙashin riga. Bayan ɗakinta akwai rumfar kara, nan muke taruwa ran Lahadi, katekis mai koya mana addini, wanda gidansa ɗaya ne cikin ukun, ya karanta mana Littafi, mu yi waƙa. Fada, limamin coci, yakan zo daga Maradi bisa babur jefi-jefi, in hanya ta yi kyau. Duk ran Asabar da yamma Kaka takan share rumfar ta yayyafa ruwa, ko da ruwan ya yi wuya. Mutanen gari sukan tsokane ta, su ce yaushe za ta tuba ta bi jama'a, ita kuma ta yi dariya ta ce su dai ci gaba da yi mata addu'a, ita ma tana yi masu. Amma in naƙuda ta kama mace, ita ake aikowa a kira. Rabin yaran ƙauyen nan ita ta yanke masu cibiya.

Daminar da ta gabaci wannan bazara ba ta yi ba. An yi ruwan shuka, hatsi ya fito har ya kai gwiwa, sai sama ta ɗauke. Kullum da yamma hadari ya taso daga gabas, mu fito muna kallo, iska ta kwashe shi. Hatsi ya murɗe, ya yi ja, ya kwanta. Abin da muka tattaro daga gonarmu bai rufe ƙasan rumbu ba. Tun kafin a kai damman gida Kaka ta bi ta tsince zangarniyar da ta fi ƙwari, ta sussuke da hannunta, ta zuba a tulu, ta liƙe bakin da laka, ta binne ƙarƙashin gadonta. Ta ce mana wannan iri ne, kada wanda ya ƙara tuna akwai shi.

Maza suka fara watsewa. Da can Nijeriya ake gangarawa, to an rufe iyaka, sai Baba ya bi wasu mutanen garinmu zuwa bakin teku ta wata hanya mai nisa. Ranar da zai tafi ya durƙusa gaban Kaka, ta yi masa alamar gicciye a goshi da babban yatsanta, ta ce zai dawo ya iske ta inda ya bar ta. Ya bar mu mu huɗu: Kaka, da Innarmu Saratu, da ni, da ƙanena Bulus da ba a daɗe da yaye shi ba. Kaka takan kira shi maigidana, shi kuma ya kumbura baki ya ce ba ya son tsohuwar mata. Bayan Kirsimeti katekis ya kwashe iyalinsa ya tafi Maradi, inda aka ce ana rabon abinci, ɗaya gidan ma ya bi shi. Inna ta so mu bi su. Kaka ta ce ita ba ta tashi, ba za a ce Yakubu ya dawo ya iske gida kango ba, rumfa kuma ba mai share ta.

Na daina zuwa lakol, makarantar boko, domin malaminmu da muke ce wa mushe shi ma ya tafi. Da asuba Kaka ta tashe mu, mu durƙusa kan tabarma mu ja carbi, Bulus yana gyangyaɗi a jikinta. Daga nan ni da Inna mu nufi rijiya. Ruwa ya yi ƙasa sosai, sai an ƙulla igiya kan igiya, gugan ya fito da rabin laka. Kafin rana ta ɗaga mu kama hanyar daji neman ganyen jiga da 'ya'yan anza. Da farko kusa muke samu, daga baya sai mun yi tafiyar da ƙauye ke ɓace mana. Yashi ya yi zafin da ba a iya tsayawa wuri ɗaya, sai mu riƙa gudu daga inuwar wannan ƙaya zuwa waccan. Ko'ina mushen shanu, fata ta bushe a kan ƙashi, har ungulaye sun gaji da su.

Anza ɗaci gare ta, ɗacin da ke kashe mutum in bai iya ta ba. Sai an fasa, an jiƙa ƙwayar, ana zubar da ruwan ana sake wani, kwana da kwanaki, kafin ta ciwu. Kaka ce ta san lokacin da ta yi, takan ɗauki ƙwaya guda ta taɓa da harshe, ta tofar, ta ce a ƙara mata kwana. Wannan aiki tare suke yi da Dija, wata Bafillatana da mijinta ya kora ragowar shanunsu kudu ya bar ta da ɗiya biyu a bukka kusa da rijiya. Hausar Dija a karye take, takan ce wa Kaka "kai", ta ce wa Bulus "ke", Kaka ta yi ta dariya har da hawaye. Mace ce da ta saba tallan nono da man shanu, ga ta yanzu zaune tana fasa anza da dutse. Da rana tsaka kowa ya nemi inuwa ya kwanta, ba don barci ba, don kada yunwa ta motsa. Da yamma a dafa abin da aka samu, a barbaɗa 'yar dussa, mu ci sau ɗaya. Ba a jin ƙarar turmi a garin. Har yau in na tuna bazarar nan, shirun ne yake fara zo mani.

Da Larabar Toka ta zo, ba Fada, ba katekis. Kaka ta ciro busasshiyar kabar da ta soke a rufin rumfa tun bara, ta ƙona, ta dama tokar da ɗigon ruwa, ta shafa mana a goshi, sannan ta sa Inna ta shafa mata. Ta ce azumi bai hau kan yara ba, bai kuma hau kan mai tafiya daji kullum ba, don haka ita za ta ɗauki na gidan duka. Daga ranar, in aka raba abinci sai ta juye nata a ƙwaryar Bulus, wani lokaci ta raba tsakanina da shi. Ita ruwan da aka dafa ganye take kurɓa, da ɗan abin da ya manne a gindin tukunya. Ban ga wani abu a ciki ba, domin na taso ina ganin Kaka tana azumi, kuma duk shekara da idin Ista take saukewa.

Ran Juma'ar da ake tuna mutuwar Yesu ta kai mu rumfa da rana tsaka. Mu huɗu ne kawai. Ta zagaya da mu cikin rumfar tana tsayawa tana durƙusawa, tana ba mu labarin yadda ya ɗauki gicciye, yadda ya faɗi, yadda ya haɗu da uwarsa a hanya. Da ta zo nan ta daɗe a durƙushe. Da za ta tashi sai da Inna ta kama ta.

Bayan Ista da 'yan kwanaki Fada ya zo, wannan karo cikin mota, da buhun jar dawa da garin madara. Ya yi mana Mas, babbar addu'armu, a rumfa, Kaka ta karɓi Jibin Ubangiji, fuskarta ta yi haske kamar wadda ta ƙoshi. Ya ce mu shiga mota ya kai mu Maradi. Kaka ta yi godiya ta ce ita tana nan, amma Saratu ta ɗauki yara su tafi. Inna ta ce ba ta barin uwar mijinta ita kaɗai a kango. Haka Fada ya tafi yana waiwayenmu. Ƙurar motarsa ba ta gama kwanciya ba Kaka ta kwance bakin buhun, ta ɗauko ƙaramar ƙwarya, ta ce in kai gidan Malam Idi maƙwabcinmu, in dawo in kai wa Dija, in dawo in kai gidan wance mai jego. Inna tana tsaye tana kallo, buhu yana raguwa. Ba ta taɓa ɗaga wa Kaka murya ba sai ran nan. Ta ce mu aka kawo wa, mu da ba mu da namiji a gida, ta dubi cikin Bulus tukuna kafin ta yi kyauta.

Kaka ba ta ɗago kai ba. Ta ce, "Saratu, yaran nan a hannuna suka faɗo duniya. In sun ji ƙamshi daga gidanga, mi zan ce masu?"

Inna ta shige ɗaki. Abin da ya rage a buhun ya ɗan riƙe mu, muka sha kunu mai madara, Bulus har ya koma wasa a tsakar gida. Amma Kaka ba ta sauke azumi ba. Da na tambaye ta, ta ce ta yi wa Uwa Maryamu alkawari, ba za ta sauke ba sai ruwa ya sauka ko Yakubu ya dawo, duk wanda ya riga. Na yarda, domin ban taɓa jin Kaka ta faɗi abin da ba shi ba ne. Har yanzu ma na yarda ta yi alkawarin. Inna ce ta gane abin da ke ƙarƙashinsa. Nakan ji su da safe suna magana ƙasa-ƙasa a bayan ɗaki, Inna tana roƙo, Kaka tana cewa cikin tsohuwa ba ya buƙatar komai, ta ci rabonta na duniya tun tuni. Da watan azumin Musulmi ya kama, sai ta sami wata hujjar. Ta ce gari duka ya kame baki cikin wannan zafi, ita a gaban wa za ta ci?

Wannan shi ne lokacin da ya fi tsanani. Dawa ta ƙare, anza ta yi nisa, iska in ta buso kamar daga bakin maƙera. Mata suka koma tonon gidan tururuwa suna kwashe 'yan ƙwayoyin da suka tara. Kusan kullum sai an fita da ƙaramar gawa naɗe cikin tabarma. Ƙaramar ɗiyar Dija ta tafi a lokacin, Kaka ta je ta zauna da ita yini guda a bukka. Sai kuma Bulus ya kwanta. Cikinsa ya kumbura, gashinsa ya yi ja ya yi laushi, ya daina kuka, sai kallo. Duk abin da aka ba shi na ganye sai ya dawo.

Wata rana da hantsi Inna ta ɗauki fartanya ta shiga ɗakin Kaka. Na bi ta. Kaka tana zaune a kan gado da carbi a hannu. Inna ta ce ta tashi, za ta tono tulun. Kaka ta ce in aka ci shi yau, ran da ruwa ya sauka me za a sa a ƙasa, duk garin ba wanda ya rage da iri. Inna ta ce ita ba ta san wata damina ba, ɗanta ta sani. Ta durƙusa ta kama ƙafafun Kaka tana kuka, a nan ta ga yadda suka kumbura, ta danna da yatsa wurin ya lotsa bai taso ba. Can Kaka ta sauko da kanta, ta ce a ja gadon. Ita ta fasa lakar, ta ɗebi ƙaramar ƙwarya guda ta miƙa wa Inna, ta ce a yi wa maigidanta kunu mai ruwa-ruwa, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, kada kowa ya ɗanɗana. Ta kwaɓa wata lakar ta mayar da bakin tulun. Na daka geron nan a hankali, kamar mai sata, ƙamshinsa yana sa ni jiri. Kaka ce ta riƙa ba shi da ludayi, tana yi masa waƙar coci. Bai mutu ba. Sannu a hankali ya fara zama, har ran nan ya ture ludayin ya ce shi ba ya son tsohuwar mata, Kaka ta ɗaga hannu sama ta gode wa Allah.

Bayan sallar azumi ruwa ya sauka. Da la'asar ne, gabas ta yi baƙi, iska ta taso ta kwashe rufin rumfarmu, sai ga shi kamar ana zubawa da ƙwarya. Ƙamshin ƙasa ya cika gari. Yara suka fita tsirara, tsofaffi suna kabbara. Kaka ta sa na kama ta zuwa bakin ƙofa, ta miƙa tafin hannu ta tari ruwan ta sha, ta shafa sauran a fuska.

Washegari tun da sassafe ta sa aka fito da tulun. Ta aika a kira Malam Idi, ta ce ta san ya cinye nasa irin, ga wannan a raba, shi kuma ya ba mu hannu tunda ba mu da namiji. Dattijon ya daɗe yana kallon geron kafin ya ce Allah ya saka. Haka aka yi gayya, yawanci mata da tsofaffi, kowa jiki ba ƙarfi. Malam Idi da ɗansa suna gaba da sungumi suna sara, mu muna biye muna jefa iri muna rufewa da diddige. Dija ma ta zo, ita da ba ta taɓa shuka ba, tana zuba iri da yawa a rami ana yi mata faɗa. Kaka ta ce sai an kai ta, aka ɗora ta a jakin Malam Idi. Ta karɓi ƙoƙon iri ta bi layi, ba ta kai tsakiya ba ƙafafu suka ƙi. Aka zaunar da ita gindin aduwa, tulun a gabanta, duk wanda nasa ya ƙare ya zo ta ɗebar masa. Muka gama gonarmu, muka koma ta Malam Idi, ɗan abin da ya rage aka ba wasu gidaje biyu.

Da yammar nan ta ce ta sauke alkawari, a ba ta abinci. Inna ta yi murna har tana rawar jiki. Amma loma biyu ta yi ta ajiye. Cikin ya riga ya rufe. Ruwa ya ci gaba da zuwa a kan kari, ƙasa ta yi kore, tafasa da rama da yaɗiya suka fito har bakin ƙofa, awakin da suka tsira suka fara ba da nono. Dija takan kawo mata ɗan kindirmo a ƙoƙo, ta zauna ta ce, "Kai sha, Marta." Kaka ta kurɓa don ta faranta mata, ba a jimawa ya zube. Kowa yana murmurewa, ita tana ƙarewa. Nakan dawo daga noma in ba ta labarin inda hatsi ya kai, ta ce in nuna mata a jikina. Na nuna idon sawu, na nuna gwiwa, na nuna ƙugu.

Da ta ji jikinta ta ce a kira mata Fada, tana son ta yi ikirarin zunubi a shafa mata mai. Abin da ta roƙa ke nan, ba ta roƙi wani abu ba duk tsawon shekarar. Ɗan Malam Idi ya taka har Cadakori ran kasuwa ya ba wani direba saƙo. Amma gulbi ya cika, hanya ta yanke, ba mu ma san ko saƙon ya isa ba. Yau da a ce haka ta faru, waya zan ɗauka, kafin azahar babur ya kawo shi. Garin namu yanzu har da famfo, jikokin Malam Idi suna kallon ƙwallo a waya. A lokacin sai dai mu kasa kunne. Duk ƙarar da ta ji sai ta ce in leƙa ko shi ne, in fita in dawo in ce a'a, ta ce ba komai, yana hanya.

Ran da za ta tafi an yi yayyafi da safe, gari ya yi sanyi. Ta kira Inna ta nemi gafararta, ta ce ta tsananta mata. Ta ce a kai ta bakin gona kusa da mijinta. Ta sa aka kwantar da Bulus a gefenta, ta ɗora hannu a kansa. Sannan ta ce mani, "Lusiya, ja mana carbi, bakina ya yi nauyi." Na fara, tana bi da leɓe. Ban kai ƙarshe ba na ga leɓen ya tsaya. Na ci gaba har na gama, domin ba ta son a yanke addu'a a tsakiya.

Inna da Dija da matar Malam Idi suka yi mata wanka. Muka naɗa mata carbinta a hannu. Mazan da suka rage a gari duk suka fito, har waɗanda suke tsokanarta, suka haƙa kabari a ƙasa mai laima, suka ɗauke ta, ba nauyi, kamar an ɗauki yarinya. Hatsi ya fi ni tsawo a lokacin, ya fara fitar da kai. Da aka sa ta, Malam Idi ya juyo wurin Inna ya ce, "Saratu, mu ba mu san yadda kuke yi ba. Mun yi namu, sauran naku na." Inna ta buɗe baki, kuka ya hana ta. Sai kowa ya dube ni. Na tsaya bakin ramin na yi alamar gicciye, na karanta Ubanmu, na karanta A gaishe ki Maryamu, muryata ita kaɗai cikin mutane masu yawa. Ba wanda ya motsa har na ce amin, na ji wasu daga baya su ma sun ce amin. Aka rufe. Inna ta ɗaure itace biyu da kaba ta kafa.

Fada ya iso bayan ruwan gulbi ya janye. Saƙon bai same shi ba, ya zo ne kawai ya duba mu, da Jibi a 'yar jakarsa domin Kaka. Muka kai shi bakin gona ya yi addu'a. Ya daɗe a tsaye, sannan ya ce a yafe masa.

Hatsi ya yi a shekarar, irin yin da tsofaffi suka ce sun daɗe ba su gani ba. Ƙarar turmi ta dawo gari. Ran da aka gasa tumun farko Inna ta murje ta ba Bulus, ta ba ni, ita ta tashi ta shiga ɗakin Kaka ta jawo ƙofa.

Ana tsakar girbi Baba ya dawo. Da rana ne, duk gari yana gona, bai haɗu da kowa a hanya ba balle a tare shi da gaisuwa. Mu mun dawo ɗaukar ruwa ke nan. Ya yi baƙi ya rame, da buhu a kai, a hannunsa kuma takalmin roba na mata, sabo, ɗaure da zare. Ya sauke buhun, bai ko zauna ba ya nufi ɗakin Kaka yana cewa, "Inna, na dawo." Ya sake faɗa. Innarmu ta durƙushe inda take ta rufe fuska da mayafi. Bulus ne ya matso, yana kallon baƙon da bai gane ba, ya ce Kaka tana gona, can take kwana yanzu.

Baba ya dubi Inna, ya dube ni. Ya juya ya fita, ya kama hanyar gona da takalmin a hannunsa. Na bi shi daga nesa har na ga karan hatsi ya rufe shi, na tsaya a nan. Sai da rana ta kusa faɗuwa ya dawo, hannunsa ba komai.